Ranar da miyar kuka ta tashi kwaleji guda

Ni dai takarda ce ta kai ni. Makarantarmu ɗaya ce daga cikin kwalejojin al'umma 58 da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, irin waɗanda ake yin shekara biyu a cikinsu, sannan mai rabo ya tsallaka jami'a ya ƙarasa sauran biyun. Matar da ke ba mu shawara kan karatu ta duba sakamakona ta ce babu laifi, sai dai jami'o'i suna son ɗalibin da ya taɓuka wani abu ban da zaman aji. Na ce mata ina wanke-wanke a kantin makaranta awa 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarda da shi ke nan. Ta ce ba wannan take nufi ba, in je in shiga ƙungiya.

A irin wannan kwaleji ƙungiyoyi ne ke farautar mutane. Babu ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma yawancin abokan karatuna masu iyali ne, ko tsofaffin sojoji, ko masu aikin dare a asibiti. Ana tashi daga aji kowa motarsa yake nufa. Saboda haka ranar baje kolin ƙungiyoyi kowane tebur da tarkonsa, tarkon kuma fiza ce. Na wuce teburin Phi Theta Kappa da sallama, don su tun 1918 sai sun gayyace ka, kuma makin da suke nema ya ɗan fi ƙarfina. Na wuce 'yan dara da 'yan walda. Na yi birki a teburin ƙungiyar ɗalibai baƙi, inda sharaɗin shiga shi ne ka zo daga wani wuri, fizarsu kuma babu naman alade.

Taronsu na farko da na halarta, na tarar ana bin wani littafin dokokin taro da wani hafsan sojan Amurka, Henry Robert, ya fitar a 1876. Ba ka magana sai an ba ka dama, ba a zartar da komai sai wani ya kawo shawara wani ya mara masa baya. Mu tara ne a ɗakin. Ana cikin tattauna Makon Ilimin Ƙasa da Ƙasa da ake yi kowane Nuwamba, na ɗaga hannu don in tambaya ko sauran fizar nan tana da mai ita. Kafin in buɗe baki sakatare ya rubuta: Najeriya, abincin gargajiya.

Akwai wani ɗan Legas a ƙungiyar. Ya ja ni gefe ya ce in kawo dafa-duka kawai, kowa na cinta. Na ce masa duniya ta gaji da jin labarin shinkafarku, a bar Arewa ta yi magana. Da na kai wa Anti, matar kawuna, labari, sai ta ɗauki abin a matsayin mutuncin Kano gaba ɗaya. Ta sa aka kai ta shagon 'yan Afirka a Greensboro, ta sayo kuka da busasshen kifi da daddawa. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miya, ta zuba man shanu. Daddawa kuwa sai da ta ninka, wai don kada Turawa su ce ba mu da kayan miya. Ta zuba a babbar kularta ta biki, wadda ta rubuta sunanta a jiki da jan farce, ta ce in ta ɓata kada in dawo gidan.

Alhamis ɗin da ta wuce ne na kai abincin makaranta. Kafin azahar miya ta huce, kuka kuwa in ta huce kowa ya san yadda take daskarewa. Sai na juye ta a wata babbar roba, na saka a injin ɗumama abinci da ke ɗakin hutun ɗalibai, na ba shi minti shida, na soka 'yar tutar Najeriya a hannun kular da na ajiye a gefe, na tafi banɗaki in sa babbar riga. A nan ya kamata in faɗi abin da na sani yanzu game da gine-ginen ƙasar nan: in sanyi ya shigo ba a buɗe taga, inji ne ke zuƙar iskar ɗaki ɗaya ya raba wa sauran ɗakuna. Ɗakin hutun kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya.

Ina kokawa da sitacin rigar nan, kaina a ciki hannuwana a sama, sai ƙararrawa ta tsage. Na fito na bi ayari. Har ƙofa na riƙe wa mutane, ina ce musu kada su yi gudu. A filin ajiye motoci aka tara mu, ɗaruruwan mutane cikin sanyi, har da 'yan ajin girki da fararen hulunansu da 'yan ajin gyaran gashi da kawunan roba a hammata. Raɗe-raɗi ya zaga cewa iskar gas ce ta ɓalle. Wata ta ce ita warin gawa ta ji. Na yi salati, na kira Anti na ce ta sa mu a addu'a, wani abu ya faru a makaranta. Ta ce, “Allah ya tsare. Ina kulata?”

Motocin kwana-kwana biyu suka iso, da motar asibiti. Ƙarti suka shiga da tukwanen iska a baya, fuskoki a rufe. Muka yi tsaye muna jira. Ni har ina tausaya wa tuwona, ina cewa a raina ga ranar da aka zaɓa ta lalace saboda sakacin wani.

Sai ƙofa ta buɗe.

Na farko ya fito a hankali, hannuwansa biyu a miƙe iyakar tsawonsu, kansa a juye gefe duk da abin rufe fuskar da ke kansa. A hannunsa robata ce, tana tururi. Na biyu yana biye da shi da kular Anti, tutar nan kore-fari-kore tana kaɗawa a kai. Suka taka har tsakiyar fili, suka ajiye a ƙasa, suka ja da baya. Filin ya yi tsit. Na waiwaya in nemi ɗan Legas, na ji shi yana gaya wa na kusa da shi cewa shi ɗan Ghana ne.

Shugabansu ya ɗauki lasifika ya ce, wane ne mai wannan?

Tun daga ranar nake sake juya wannan daƙiƙar a kaina. Akwai hanyar tsira. Sunan da ke jikin kular ba nawa ba ne. Tuta kuwa kowa na iya sayen tuta. Da na yi shiru na ɗan lokaci, da sai su kwashe kayan su tafi, in sayo wa Anti sabuwar kula, in ƙare karatuna da mutuncina. Matsala ɗaya ce: a cikin ɗaruruwan mutanen da ke sanye da baƙaƙen rigunan sanyi, mutum ɗaya ne ke tsaye da farar babbar riga mai aiki da hula zanna. Duk da haka na sunkuyar da kai, na fara karanto abin da ya zo bakina.

Akwai wani dattijo ɗan Damagaram, direban tasi, da ke zuwa ajin koyon Turanci na manya da kwalejin ke yi kyauta. Baba nake ce masa, shi kuma tun da ya ji ni Bakano ne ya samu abokin wasa, ba ya kirana da komai sai “bawana”. Daga can ƙarshen fili na ji muryarsa, da Hausa, sannan da Turancin da ya samu a wata uku: “Kuka ce! Ta yaron can ce! Ga shi can, mai babbar riga!” Har da ɗaga sandarsa yana nuni, don kada a yi kuskure.

Mutane suka dare gida biyu, kamar an ga mahaukacin sa ya tsinke ranar kasuwa. Na fara tafiya. Filin da nake tsallakewa kullum cikin minti ɗaya, ranar ya zama tafiyar yini. Sitaci yana ƙara a kowane taku, kuma babu wani sauti a duniya sai shi. Iska ta cika rigar ta baya. Wayoyi sun tashi sama. Na ga malamin lissafina, na ga matar da ta ce in shiga ƙungiya, hannunta a baki. Na yi ƙoƙarin saɓa hannun riga a kafaɗa yadda manya ke yi don in samu ɗan kwarjini, ya zame, na sake saɓawa, ya sake zamewa.

Da na iso, shugaban ya durƙusa ya kara wata 'yar na'urar sansano iska a kan miyar Anti. Ya jira. Ya duba. Ya sake karawa. Sannan ya ɗago ya tambaye ni cikin ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo: “Yallaɓai, mene ne wannan?” Na ce abinci ne. Ya dubi robar, koriya-baƙa, tana yauƙi. Ya ce da me aka yi? Na ce ganyen bishiya ne aka shanya aka daka. Warin fa? Na ce 'ya'yan wata bishiyar ce daban, ake dafawa a rufe su kwanaki har su... A nan Turancina ya tsaya, don duk kalmar da ta zo mini, ma'anarta ruɓa.

Lokacin Baba ya iso, ya tsaya a kafaɗata ya karɓi ragamar shari'ar.

“Bawana, ai kai ka so. Ana ɗumama kuka a inji? Kuka garwashi take so. Baɗi ka zo da kurfoti da gawayi, ka hura a cikin ɗakin, a hankali a hankali.”

Na ce, “Baba, 'yan kwana-kwana ne fa a gabanmu.”

“To sai me? Su ma su koya.” Ya sunkuya ya shaƙa, ya yamutsa fuska. “Wannan ce ta tashi gari? Daddawar kalwa? Wallahi kun ji daɗinku. Ka gode Allah ba daddawar batso ta wajenmu aka sa ba, ta gurguzu, da yanzu jirage ne ke shawagi a sama.” Sai ya rage murya, alhali ɗan sandan makaranta yana tsaye da biro da littafi: “Ce musu magani ne. Bature na girmama magani.” Na dubi ɗan sandan, na tuna ƙullin garin kuka da ke aljihuna a leda, wanda na kawo don nuna wa baƙi. Ban fassara ba.

Malamar da ta danna ƙararrawar ta matso tana ta ba ni haƙuri, tana kuma kare kanta. Ta ce iskar gas ba ta da wari, da gangan ake sa mata, tun bayan da wata makaranta ta fashe a New London ta jihar Texas a 1937, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. Saboda haka an horar da su, in hanci ya ji baƙon abu a makaranta, a fita tukuna a yi tambaya daga baya. Ban ga laifinta ba, kuma har yanzu ban ga laifin miyar ba. Wata ɗaliba 'yar Japan ma ta shaida, ta ce warin ya tuna mata da gida, don suna da waken suya da ake yi wa irin wannan aikin, kuma ƙwayar bakteriya iri ɗaya ce ke nunar da nasu da namu. Baba ya tambaye ni me ta ce. Na gaya masa. Ya ce, “To ka aure ta.”

Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce shi ya gamsu, amma dole ya rubuta wani abu a rahoto. Baba ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya ajiye sanda, ya naɗe hannun riga, ya buɗe kular Anti, ya ce bismillah, ya gutsuri tuwo ya dangwala a robar da aka fito da ita da tukwanen iska a baya. Ɗaruruwan mutane suka riƙe numfashi. Ya tauna, ya lumshe ido, ya haɗiye. Ya sake kai loma ta biyu don tabbatarwa. Sannan ya juyo gare ni, a gaban hukuma da malamai da wayoyi, ya yanke hukunci: “Gishiri bai ji ba. Kanawa da ƙwauro, har gishiri.”

Jiya ƙungiya ta zauna, bisa dokokin sojan nan. Wani ya kawo shawara, ɗan Legas ya mara masa baya, aka amince cewa daga yanzu gudummawar Najeriya ita ce kofunan takarda. 'Yan ajin kimiyya da aka ɗage wa jarrabawa saboda ni suna ɗago mini hannu daga nesa. Kular Anti tana ofishin masu tsaron makaranta, kuma ba za su sake ta ba sai na cike takarda, wadda a layi na uku take tambayar abin da ke cikin kayan. Baba ya ce in rubuta magani.