Inji Bai San Kututture Ba

An yi wani saurayi a Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, da ya dawo gida bayan ya gama karatun kwamfuta a birni. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ga ladabi, ga son ya amfani garinsu. Da ya ga masu jiragen ruwa har yanzu da biro da littafi suke lissafin fasinja da kuɗin shiga, littafin ma duk ruwa ya dame shi, sai ya ce zai yi musu manhaja. Ya buɗe ɗaya daga cikin na'urorin ƙirƙirarriyar basirar nan da suka cika duniya tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ya faɗa mata abin da yake so, ita kuma ta zubo masa layukan umarni shafi-shafi. Ya haɗa, ya danna, abu ya tashi. Kafin kasuwa ta zagayo manhaja ta shiga wayoyin yaran jirgi, ana ta sa masa albarka.

Ba a rufa wata ba aka fara ƙananan maganganu. Akwai wani yaron jirgi da kullum in ya dawo daga tsallake sai kuɗin aljihunsa su gaza abin da waya ta nuna. Ya rantse, ya yi kuka, ba wanda ya saurare shi, don waya ba ta ƙarya. Aka tambayi mai manhaja, ya ce shi kam ya gwada ta a ɗakinsa lafiya ƙalau take. Aka kori yaron.

Saurayin yana da kawu, tsohon matuƙi da ya tsufa a kan ruwa. Kawu ya ji duk abin da ya faru, bai ce uffan ba. Ranar nan da asuba sai ya aika a kira masa ɗan 'yar'uwarsa, ya ce ya zo ya raka shi duba raga. Lokacin farkon damina ne, tafkin Kainji ya ja baya ƙwarai. Da suka yi nisa da gaɓa sai Kawu ya matsa gefe.

"Ɗana, karɓi kan injin nan."

Yaro ya karɓa, ya murɗa, jirgi ya ɗaga hanci yana tsaga ruwa, daɗi ya kama shi. Can sai ya ji an ce, "Kashe!" Ya kashe. Kawu ya ɗauki gora ya zura a ruwa dab da gaban jirgin, ta bugi wani abu ƙwas.

"Kututture ne. Wannan wurin da kake gani gonar mutane ce. Ina yaro aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taho ya haɗiye garuruwa, har tsohuwar Bussa, aka tashi mutum fiye da dubu arba'in. Mutane sun tashi, itatuwa ba su tashi ba. Suna nan a tsaye. In baƙin ruwa ya iso da hunturu tafki ya cika, sai ka bi ta kansu ba ka sani ba. In ruwa ya ja, su ne ke jiran cikin jirginka."

"To Kawu, yaya aka yi ka san yana nan?"

Kawu bai amsa ba, sai ya shiga ba shi labari. Ya ce lokacin da injuna suka fara yawa a tafkin nan, an yi wani saurayi da ubansa ya saya wa sabon inji. Tafiyar da Gungawa da Sarkawa kan yi wuni suna yi da filafili, shi kafin hantsi ya je ya dawo. Sai ya daina zama wurin tsofaffi. In an ce masa zo ka koyi hanya, ya ce inji ya san hanya. Bai taɓa kwance injin ya ga cikinsa ba, bai san ƙarar da yake yi in mai ya gauraye da ruwa ba, bai taɓa shiga ƙarƙashin jirgin ya shafa katako ya ji inda ya fara ruɓewa ba. Rannan farfela ta ci kututture a tsakiyar ruwa, jirgi ya fara sha, kaya suka nutse, Allah ya tsare rayuka. Da aka fito gaɓa, maimakon ya ce laifina ne, sai ya kama yaronsa da duka, wai shi ne bai kwashe ruwa da wuri ba.

Kawu ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ni har yau ba nutsewar kayan ke damuna ba. Dukan yaron nan ne."

Suna komawa ya sake tambaya, kamar mai hira: "Ɗana, jirgin nan mutum nawa zai ɗauka?" Yaro ya faɗi adadin da ya sa a manhajarsa. Kawu ya ce, "Da mai ɗauke da kaza da mai babur da buhunan albasa duk ɗaya ne? Da ruwan safe da na la'asar in iska ta taso duk ɗaya ne?" Ya nuna wani sashe na tafkin da haɓarsa, muryarsa ta canja. A watan Mayun 2021 jirgi ya tarwatse kusa da Wara ɗauke da mutum fiye da ɗari da hamsin, kaɗan ne suka fita da rai, hukumomi kuma suka ce lodi ne ya yi masa yawa. Babu gidan da bai ji zafin ranar nan ba a yankin. Allah ya jiƙansu.

Har suka sauka Kawu bai ambaci waya ba, bai ambaci manhaja ba. Amma saurayin ya kasa cin abinci. Da dare ya zauna ya fara karanta abin da na'ura ta rubuta masa layi bayan layi, abin da bai taɓa yi ba. Can ya gano inda gizo ke saƙar. In sabis ya ɗauke ana cikin tura lissafi, manhajar takan sake turawa da zarar ya dawo, kuma ba a sa mata wata shaida da za ta gane cewa wannan kuɗin an riga an rubuta shi ba. Sai fasinja ɗaya ya zama biyu. A ɗakinsa sabis ba ya ɗaukewa. Hanyar yaron da aka kora kuwa ita ce ta fi kowace ratsa wuraren da babu sabis.

Wannan labari ne, amma irinsa ya faru a zahiri, kuma ya fi haka muni. A Birtaniya, daga 1999 zuwa 2015, an hukunta masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, alhali manhajar Horizon ce ke nuna giɓin da babu shi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun tsiyace, sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. A ranar 4 ga Yunin 1996 kuma rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an ɗauko manhajar da ta yi aiki lafiya a Ariane 4 aka ɗora mata ba tare da an gwada ta da irin gudun sabuwar rokar ba. Wata lamba ta fi ƙarfin ma'ajin da aka tanadar mata, shi ke nan. Duka biyun mutane ne suka rubuta su da hannu, tun kafin na'ura ta iya rubutu. Yanzu da rubutun ya zama na daƙiƙoƙi, mai karantawa da gwadawa ake ƙara buƙata.

Ni ba na cikin masu cewa a jefar da inji a koma filafili, Kawu ma da inji yake tuƙi. Ina murna da matasanmu da suka shiga shirye-shiryen koyon fasaha irin su 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yawan waɗanda nake gani suna kiran kansu injiniyoyi alhali ba su taɓa zama da mai jirgi ko mai shago sun tambaye shi yadda aikinsa ke tafiya ba, ba sa iya bin sawun kuskure in ya ɓuya, ba sa ajiye kwafin bayanan jama'a, ba su tanadi hanyar komawa baya in sabon gyara ya ɓata abu ba.

Kai da ka riga ka miƙa wa mutane manhaja, koma ka karanta ta yau, ka kai ta inda babu sabis ka gwada, ka ba wanda ya fi ka sani ya duba maka. In kuma akwai wanda aka kira ɓarawo saboda lissafinta, ka je da ƙafarka gaban waɗanda suka kore shi ka wanke shi.