Gare Ku Masu Raina Tauraro da Gidan Dara

Wasu dattawan Yelwa sun aiko mini saƙo, wai in daina ɓata takarda a kan 'yan ɗige-ɗigen kwamfuta, tunda ba su za su kamo giwan ruwa a Kainji ba. Na ji, Alhaji, Allah ya ja da rai. To amma katin da ka sa ka turo saƙon, ta yaya ya shiga wayarka? Ba tauraro ka danna ba, sai 311, sai wani tauraron, sai lambobin kati, ka rufe da gidan dara? In ka isa, gobe ka tsallake gidan darar, mu ga ko wayar ba za ta ɗauka kiran wani kake yi ba. Tun 2023 da hukumar NCC ta haɗe lambobin kamfanonin waya, *310# kake dannawa ka ga abin da ya rage, wani lokaci sau uku a jere, ko Allah zai sa ya ƙaru.

Dillalan albasa kuma cewa suka yi aya ba ta da amfani sai a jarrabawar Hausa. Madalla. Rubuta 5000.00, sannan ka goge ayar. Naira dubu biyar ta zama dubu ɗari biyar. Je ka gaya wa mai POS na bakin kasuwa cewa wannan ɗigon ado ne, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Ita kuwa @, wato “a” mai naɗe da wutsiya, wani Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya zaɓe ta a 1971 don ta raba sunan mutum da na'urar da saƙonsa zai sauka. Yau duk yaron Ngaski ko Shanga da zai cike JAMB sai da adireshin imel, adireshin kuwa ba ya tsayuwa sai da ita.

Wadda ta fi ba ni tausayinku ita ce hamza, ɗan waƙafin nan na sama. Harsunan shirya manhaja da dama da wannan alamar suke gane inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. Idan mai shirya fom ya yi sakaci, sai Sa'idu ya rubuta sunansa, kwamfuta ta karanta “Sa”, ta ɗauka an gama, sauran ya rikita ta. Shi ya sa ake cire hamzar. Ka ga Mu'azu a takardar makaranta, Muazu a banki, ranar karɓar kuɗi a ce mutum biyu ne, alhali uwa ɗaya ta haife shi sau ɗaya.

Baba Shu'aibu, kai da ka fi kowa musu, ɗauko takardar NIN ɗinka da ta banki ka jera su, ka duba sunan nan da kyau kafin ka sake aiko mini raddi.