Agogon Kumasi a Gwashi

Ranar Asabar ɗin nan aka sa ɗaurin aure a unguwarmu ƙarfe goma na safe. Waliyyin ango bai bayyana ba sai sha ɗaya, bayan rana ta gama gasa dattawa a ƙofar masallaci. Da ya iso ko haƙuri bai bayar ba. Hannun riga ya naɗe, ya miƙa wa liman tsintsiyar hannunsa. "Allah gafarta Malam, duba da kanka. Goma daidai. Agogon Gana na."

Kun san irinsu. Mutumin namu Kumasi ya je ziyarar abokinsa na makarantar allo, wanda ya daɗe yana sana'a a Aboabo. Ya bi ta Legas, Kwatano da Lome, ya ƙetara a Aflao, bai rufa wata ba ya dawo. Gana tana bayan Najeriya da awa ɗaya, kuma duk mai hankali yakan gyara agogonsa idan ya juyo gida. Shi ya ƙi. Wai abokin ne ya saita masa da hannunsa, taɓawa cin amana ne.

Yanzu gidansa lokaci biyu ake bi. Uwargida ta sauke tuwo da agogon Najeriya, maigida sai an jima zai ji yunwa da na Gana, ya tarar tuwo ya sandare, a kwana ana shari'a. Ladan ya kira Azahar, ya dubi hannunsa ya girgiza kai, wai yau sun yi gaggawa. Zakaran gidan ma bai tsira ba, an ce yana cara kafin lokaci, har an fara maganar kai shi kasuwar Nasarawar Burkullu. An yi masa jika cikin makon nan, jaririn yana da lokacin haihuwa biyu, ungozoma na cewa ɗaya, kaka na cewa ɗaya. Mai shago ya zo karɓar bashin da aka yi alkawari ƙarfe huɗu, aka ce ya je ya dawo, da saura. Amma ranar da shi ke bin wani, sai ga waya ta fito daga aljihu, ita kuwa lokacin Najeriya take nunawa tsaf.

A majalisa kuma ba a isa a gama zance ba sai an ji "A Kumasi hwa..." Kasuwar Kejetia, in ka shiga da safe sai ka nemi mai fitar da kai. Kokonsu da ƙosai, wai bai taɓa shan irinsa ba, alhali masu sayarwar a can ma kokon Hausawa suke kiransa. Ya keta ƙasa uku ya je ya sha abin da ake damawa a bayan katangarsa. Shinkafa da wakensu ja ce, ya kwana yana yabo, sai da wani dattijo ya tuna masa cewa jan nan karan dafi ne, gonakinmu cike suke da shi. Mai shayi ya ce masa ɗari uku, sai ya lumshe ido yana juya kuɗin zuwa sidi, layi na jira.

Labari ɗaya ne cikin nasa bai ba ni dariya ba. Ya ce sun fita shan shayi a Asawase dare ya raba, suka tako gida a ƙafa, babur ya taho ta bayansu ba wanda ya ko waiwaya. Mu nan ƙarar babur da dare tana tashin gari. Kafin ka kama hanyar Bukkuyum ko Anka ko Gummi sai ka tambayi wanda ya fito, ka tambayi wanda ya tambaye shi. A 2021 aka katse mana layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka ce maganin 'yan bindiga ne. Masu zuwa neman ƙuri'a kuwa, ban san agogon wace ƙasa suke ɗaurawa ba, nasu shekara huɗu yake makara. To da wane baki zan ce wa mutumin namu ƙarya yake yi?

Sai dai fa ba zan yafe masa tsaraba ba. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya da jakuna, su dawo daga Salaga da goro har maƙwabcin maƙwabci ya samu. Shi da zai tafi sai da muka yi masa karo-karon guzuri. Tsohuwar abokin ta ba da sallahun daddawa da kuka da yaji, ya ɗura su cikin jakar nan mai zanen ɗaki-ɗaki da ake kira Gana-mas-go, ya ratsa da ita tsakiyar Gana yana fara'a. Jakar da ta samo sunanta daga korar da gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi a 1983, bayan ta Busia a Gana ta kori namu a 1969. 'Yan Gana ba su ce masa komai ba, mutanen kirki ne. Jakar dai ta tafi a cike ta dawo a naɗe cikin aljihun wata jaka. Abin da ya fito daga ciki sabulun Gana ne guda, aka sa wuƙa aka raba shi gida shida. Nawa rabon bai kai wanka biyu ba, yara suka ɗauka alewa ce.

Don haka mai niyyar tafiya cikinku, Allah ya kai lafiya, a gaida abokin. In sabulu za a kawo mini, a kawo shi ɗungurungum, ba a yanka ba.