Malam, fitilarka na kunne!

Duk wanda ya tuƙo mota daga Maraɗi zuwa Tsibiri da fitila a kunne da rana tsaka zai sha gaisuwa. Ɗan kabu-kabu zai riƙa buɗe tafi yana rufewa, mai kura ya yi ihu, direban da ke tahowa ya ƙyafta masa fitila don ya tuna masa ɓarnar da yake yi. Wasu kuwa su kauce, su zaci ayarin Sarkin Gobir ne.

Galibi ba laifin direban ba ne. Motocin Kwatano da halinsu suke zuwa daga Turai. Suwidin ta wajabta fitilar rana tun 1977, Tarayyar Turai ta ɗora wa sababbin samfuran motoci daga 2011. Can rana ce ke rowa. Nan kuwa, a watan Afrilu, wa ya roƙe ta?

Ɓarnar fa? Ƙwan fitila na gargajiya wat 55 yake ja. Biyu 110 ke nan, ban da na baya, dinamo kuma daga mai yake biyan kansa. Amma abin da ya sha bai kama ƙafar na'urar sanyaya mota ba, wadda Alhaji ba ya kashewa ko a jana'iza. Ƙwan dai zai riga lokacinsa mutuwa, in ramukan hanya ba su riga kashe shi ba. Ƙananan fitilun LED kuwa ko dinamo bai san da zamansu ba.

Asarar gaske tana ga tsohuwar mota marar ƙararrawa: ka kashe inji, ka shiga gaisuwa a fada, ka fito batir ya kwanta. Masu yi maka nuni ɗazu su ne za su tura, kuma sai ka ba da na goro.

Ranar da hazon hunturu ya rufe hanya kuwa, masu ihun duk sukan kunna tasu.