Yini Ɗaya a Kwarin Mutuwa

Wai mutum ya tara kuɗinsa, ya tafi har Kalifoniya yawon shaƙatawa a wurin da aka raɗa wa suna Death Valley, wato Kwarin Mutuwa! To, in ka nace, fita tun asuba da jarkokin ruwa. Kafin hantsi ka leƙa Badwater, mita 86 ƙasa da doron teku: ga gishiri shimfiɗe iya ganinka, babu miyar zuba shi. Da azahar ka laɓe a mota, don a Furnace Creek zafi ya taɓa kai digiri 56.7 a 1913. A 2013 ma sai da hukumar da ke kula da wurin ta roƙi baƙi su daina soya ƙwai a ƙasa, ba don tausayin kaji ba, masu shara ne suka gaji.