Wasiyya A Kan Reshen Bagaruwa

Laifin Kwatano ne. Can na ci miyar ƙaguwa a wata rumfa kusa da kasuwar Dantokpa, na kuma ga yadda masuntan tafkin Nokuwe ke kama ta: zoben ƙarfe, ƴar raga, kan kifi ɗaure a tsakiya, a zura cikin ruwa a jira. Na ce in dai wannan ce sana'ar, ai mu ma muna da ruwa a Ƙonni. Ina dawowa na sa maƙeri ya lanƙwasa mini zobe, na yanka tsohon gidan sauro na ɗinka masa, na sayi kawunan kaji, na hau kabu-kabu sai madatsar Mozage.

Mozage da Zango su ne madatsun da ke tare ruwan kwarin Majiya kafin ya gangara tafkin Kalmalo a Najeriya. Su ke cika tafkin Cerasa, shi kuma ya shayar da gandun noman rani na Ƙonni mai wajen hekta 3,000. Ruwan alkama da albasa ne, amma akwai tarwada da karfasa, akwai masunta.

Wanda na yi hayar kwalekwalensa ya juya zoben nan, ya sake juyawa, ya ce, "Alhaji, mi za ka kamawa da wanga abu?" Na ce ƙaguwa. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa sai da ita ba, amma jika biyu jika biyu ce. Ya ba ni karatu ɗaya: iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, kuma da hantsi take tashi. In bi gaɓar da take fitowa, in laɓe bayan itatuwa, don in na bari ta kora ni ɗaya gefen, igiyar ruwa za ta yi ta zuba cikin jirgin. Ya ce ɗansa ya raka ni. Na ce ba sai an wahalar da yaro ba.

Na kuwa sami wurin. Wani lungu ne da bagaruwa ta tsaya cikin ruwa, iska na kaɗa samanta, ƙasa kuwa lum. Na miƙe tsaye, na kama reshe da hannu biyu don in ɗaure igiya. Jirgi ya ce sai an jima.

Bai tafi da sauri ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A hankali ya riƙa zamewa, ƙafafuna na bin sa, hannuwana na reshe, har na miƙe samɓal tsakanin itace da jirgi kamar shanyar wanki. Ƴan yatsun ƙafata sun maƙale bakin katako. Ƙaya ta kama wuyan rigata ta baya. Hulata ta faɗa ruwa tana juyi a gaban idona. Sai na ji zariyar wandona ta fara warwarewa.

A bakin gaɓa akwai wani dattijo zaune kusa da jakinsa yana cin goro. Ya gyara zama.

"Yaro, kak ka saki reshen!"

"Baba, taimake ni!"

"Kuma kak ka saki jirgin. Na mutane ne."

"Ban iya ruwa ba, Baba!"

"Ashsha. Da ka koya."

Ya ɓantari goro, ya yi nazarina tun daga hannu har ƙafa, ya ce in jawo jirgin da ƙahwa. Na jawo. Jirgi ya ƙara gaba. Ya ce to in gwada tura shi, wataƙila mai gardama ne. Daidai nan wasu mata suka sauko da kwanonin wanki, suka tsaya cak.

"Yaro, wandonka na tahiya."

"Na sani, Baba!"

"Riƙe shi da hannu."

"Da wane hannun?"

Ya yi shiru, ya duba da kyau. "Wanga kuma kai da Ubangijinka."

Na leƙa ruwan. Ja ne jawur, ba a ganin komai, kuma duk labarin da na taɓa ji na ƴan ruwa ya dawo mini lokaci guda. Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Na yafe wa duk wanda nake bi bashi. Na ɗaga murya na ce don Allah a gaya wa mai ɗakina akwai kuɗi a ƙasan buhun gero, wanda ke bayan ƙofa.

"Nawa ne?" in ji Baba. "Don kak a yi gardama wurin rabo."

Na faɗa masa. Matan nan ma sun ji. Reshe ya ce ƙaras, riga ta ce kyat, na rufe ido na tafi lahira.

Lahirar iya gwiwa ta tsaya mini. Na tashi tsaye cikin laka, hannu ɗaya riƙe da wando, ruwa na ɗiga daga gemuna. Wani ɗan kiwo ya ratso da shanunsa ta gefena, ya tsamo hulata ya miƙo mini, ya wuce bai ce uffan ba.

Na ce, "Baba, ashe ka san ba zurfi?"

"Ba ka tambaye ni ba. Da can nan rami ne mai shanye raƙumi. Kowace damina Majiya na kwaso ƙasar tudu ta jibge, kuma inda ruwa ya kwanta nan laka ke zama. Manoma na kukan madatsa ta cike, kai ko yau ita ta cece ka." Ya ɗaga zobena, ya sansana kawunan kajin. "In ƙaguwa kake so, ka dawo da dare. Ba za ka samu ba, amma ba mai ganinka."

Takalmina ɗaya na can cikin lakar Mozage. Labari kuwa ya riga ni isa Ƙonni: ko da na shiga gida, mai ɗakina ta zazzage buhun gero, tana zaune tana ƙirga.