Digirin Kwatano Ya Hana Oga Barci

Ku matso da kunne, kar na kusa ya ji. Majiyarmu ta raɗa mana cewa wani babban ma'aikaci, wanda in ya daka tsawa har masinja ke tuntuɓe, kwana biyun nan ya yi laushi tuɓus. An ce kowa ya kawo takardunsa a sake tantancewa. Digirin Oga kuwa, in ji masu riƙe da fayil, na Kwatano ne, alhali ba wanda ya taɓa ganin ya ɗauki hutun karatu ko na mako guda.

Kun dai tuna mafarin abin. A Disambar 2023 Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, bai taka aji ba, har aka tura shi bautar ƙasa karo na biyu. Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce masu yawo da na bogi sun haura 22,000.

Ni abin da ya tsaya min a rai, Ogan nan ya iya aikinsa. Da difloma ya riƙe sashen shekara da shekaru, shi ke koya wa sababbin ɗauka rubuta takarda, ana ɗora masa su a kai saboda sun zo da digiri. Ranar da ya gaji sai ya nemi dillali. Ba wanke shi nake ba, amma wanda ya tsara ƙarin girma a haka shi ma a tambaye shi.

Ciwon ma tsoho ne. A 1999 Salisu Buhari ya rasa kujerar kakakin majalisar wakilai kan digirin Toronto da ƙarin shekaru, alhali ta fuskar karatu shaidar sakandare kawai tsarin mulki ya nema. Ko shugaban ƙasa iyakar abin da ake nema ke nan.

Af, na kusa mantawa. Wani Alhajin atamfa da masu digiri ke yi wa lissafi a shago, an ce shi ma yana cigiyar inda ake ba da "Dakta". Hajiya ta riga ta fitar da anko.